Idan Mota Ta Buge Ka a Kan Keke: Yadda Ake Bin Hakki Daga Bakin Titi Har Zuwa Kotu

A titunan Kano, sau da yawa maganar haɗarin keke a wurin take mutuwa. Mota ko Adaidaita Sahu ta ture mai keke, jama'a su taru, a ɗaga shi, a karkaɗe masa riga. Direba ya fito yana ba da haƙuri, ya zaro dubu biyar ya ce a gyara wili. Wani dattijo ya ce tsautsayi ne, a yafi juna, kowa ya kama gabansa. Bayan kwana uku hannu ya kumbura, a je asibiti a ga karaya, ga shi babu wanda ya riƙe lambar motar.

Yarda da ƙaddara wajibi ne, yafiya kuma alheri ce. Amma mutum yana yafe abin da ya san girmansa ne, kuma a minti goman farko babu wanda ya san girman rauni, har shi mai raunin. Duk matakan da ke ƙasa an gina su ne a kan wannan. Keken hawa muke nufi, kuma dokokin Najeriya ne, musamman yadda abin ke gudana a Kano da biranen da ke kusa da ita.

A wurin da abin ya faru

In kana iya motsi, ka fara janye jikinka daga tsakiyar titi. In kuwa wuya ko gadon baya ke ciwo, ko ƙafa ta ƙi jin taɓi, kada ka bari a ciccibe ka kamar buhu. A tare hanya, a sami allo ko wani abu shimfiɗaɗɗe mai ƙarfi, mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ita ce 122, lambar gaggawa ta ƙasa kuma 112.

Abu mafi tsada a wannan lokaci shi ne lambar motar. Da ita ake gano mai ita, da ita ake gano kamfanin inshorarta. Ka ɗauke ta a waya, ko ka roƙi wani ya rubuta. In Adaidaita ce, a haɗa da lambar da aka rubuta a jikinta, domin lambar baya takan lanƙwashe ko laka ta rufe ta. In motar kamfani ce ko ta ma'aikata, a ɗauki tambarin da ke ƙofa.

Sai hotuna, kafin a matsar da komai: inda keke ya faɗi, inda motar ta tsaya, sawun birki a kan kwalta, fasassun gilasai, wurin da motar ta loɓa. A ja baya a ɗauki guda biyu ko uku da za su nuna titin gaba ɗaya, da shataletale ko danja in akwai. Wajen da keke ya lanƙwashe yana ba da labari. Wilin baya da ya murɗe yana nuna daga baya aka zo, kuma wanda ya bugi na gabansa yana da wahalar kare kansa. Saboda haka kada a kai keken wurin mai gyara tukuna. A ajiye shi yadda yake, da rigar da ta yage, har a gama magana.

Shaidu: masu wucewa za su watse, ba za ka sake ganinsu ba. Nemi waɗanda wurin ne wajen sana'arsu, irin mai shayi, mai faci, mai cajin waya ko maigadin shago. Sunan mutum biyu da lambar wayarsu ya wadatar. A duba kuma ko akwai banki, gidan mai ko babban kanti mai kyamara a kusa. Na'urorin nan suna goge tsohon hoto da kansu, wasu cikin 'yan kwanaki, don haka a nemi a adana na ranar tun a makon farko.

Abu biyu za su iya ɓata maka komai a nan. Na farko bakinka. "Ba komai, lafiyata ƙalau" da "ni ma ban duba ba" kalmomi ne na kunya da ladabi, amma za a maimaita su a caji ofis. Ka ce za ka je asibiti a duba ka, ka tsaya a nan. Na biyu fushin jama'a. In aka doki direba ko aka farfasa motarsa, magana ta juye, 'yan uwanka sun zama waɗanda ake tuhuma, shaidar da ke jikin motar kuma ta lalace.

In direban ya ce zai kai ka asibiti, ka yarda, hakan daidai ne. In ya biya kuɗin farko, a karɓa. Kada dai a sa hannu a kan wata takarda ranar.

Asibiti a ranar, ko da kana jin garau

Jiki yana ɓoye ciwo a sa'o'in farko. Jini na iya taruwa a cikin kai ko a ciki ba tare da an ga ɗigo ɗaya a waje ba. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, yawan barci, rikicewar magana, ciwon ciki ko jiri a kwana biyun farko, duk alamu ne na a koma asibiti a daren, kada a jira safiya. Mai keke kuma da tafin hannu yake tare ƙasa, kuma akwai wani ɗan ƙashi a wuyan hannu, wajen gindin babban yatsa, da tsagewarsa ba ta cika fitowa a hoton farko ba. In wurin bai daina ciwo ba, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14.

Babu asibitin da doka ta yarda ya kore ka don ba ka zo da ɗan sanda ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun.

Ka gaya wa likita ƙarara cewa mota ce ta buge ka a kan keke, da wuri da lokaci, don ya shiga fayil. Ka lissafa duk inda ke ciwo, har ƙananan. Abin da ba a rubuta ranar farko ba, gobe za a ce daga baya ka samo shi. Katin asibiti, takardar magani, hoton ƙashi, rasit na kowace allura da bandeji, a zuba su a leda ɗaya. In kemis ba ya ba da rasit, a sa ya rubuta a takarda ya buga hatimi.

Maganar ɗori tana bukatar a faɗe ta a fili, domin nan ne hakkin mutane da yawa ke salwanta. Mai ɗori ba ya ba da rahoton da kotu ko kamfanin inshora za su karɓa. Sannan in ɗaurin ya yi tsauri har jini ya daina gudana, ko ƙashi ya haɗe a karkace, lauyan ɗaya ɓangaren zai ce ba motarsu ce ta nakasa ka ba, ɗorin ne. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, akwai sashen gaggawa na Asibitin Murtala da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A fara da hoto da ganin likita.

Idan magani ya yi nisa, ka nemi rahoton likita a rubuce. Rahoto mai amfani yana faɗin irin raunin, aikin da aka yi, tsawon lokacin da ba za ka iya sana'a ba, ko akwai wani aiki a gaba kamar cire ƙarfe, da kuma nakasar da za ta dawwama in akwai.

Caji ofis

A kai rahoto ofishin 'yan sandan yankin da abin ya faru, sashen haɗurran mota da ake kira MTD, a ranar ko washegari. In kana kwance, ɗan uwa ya je. 'Yan KAROTA na iya taimakawa wajen tsayar da mota da buɗe hanya, amma fayil ɗin da za a dogara da shi na 'yan sanda ne.

Ɗan sanda mai bincike zai je wurin ya zana taswirar haɗarin, ya auna, ɓangarorin biyu su sa hannu. Wannan zane yana da nauyi ƙwarai. Kada wakilinka ya sa hannu sai ya ga an nuna daidai inda aka yi karon da ɓangaren da kowa ya fito. Za a kuma kira jami'in VIO ya duba birki, taya da fitilun motar. Bayaninka kuwa, in wani ne ya rubuta maka da Turanci, a karanta maka a fassara kafin ka dangwala. Ka riƙe sunan mai binciken da lambar fayil, ka tabbata an ɗauki kwafin lasin direba, takardun mota da takardar inshora. Daga baya za ka nemi rahoton 'yan sanda, kuma kwafin da za a kai kotu sai wanda aka buga wa hatimin tabbatarwa.

A gane bambanci a nan. Idan 'yan sanda suka gurfanar da direba kan tuƙin ganganci, shari'a ce tsakaninsa da hukuma, tarar da aka ci shi kuma aljihun gwamnati za ta shiga. Dokokin laifuka na Arewa sun ba alƙali ikon ya umarci mai laifi ya biya wanda ya cuta, don haka ka gaya wa mai gabatar da ƙara ya roƙi hakan, ka ba shi kwafin rasit. Amma cikakkiyar diyya, ta hanyar sulhu ko ƙarar da kai ka shigar take zuwa.

Wa zai biya?

Direban da ya buge ka sau da yawa ba shi da komai. Doka ba ta tsaya a kansa ba. In yana tuƙi ne a bakin aikin wani, maigidan ko kamfanin yana ɗaukar alhakin sakacin yaronsa. Wannan ya shafi tifa, tirela, motar raba kaya, motar makaranta. Adaidaita tana da sarƙaƙiya, domin wani direban balas yake kai wa mai ita kullum, wani kuma saye yake yi da biya kaɗan-kaɗan, kuma matsayinsu a doka ba ɗaya ba ne. A binciko sunan da ke kan takardu, lauya ya duba yarjejeniyar da ke tsakaninsu.

Sai inshora. Tun dokar 1945 aka wajabta wa duk abin hawa mai inji inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, sabuwar dokar inshora ta 2025 ma ba ta ɗage wajibcin ba. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Ta mai ƙafa uku naira 5,000 ce, iyakarta miliyan 2. Wannan iyaka ta dukiya ce, wato kekenka da kayan da ka ɗauko. Rauni da rai lissafinsu daban. Direbobi da yawa sun ɗauka takardar ta nuna wa jami'an hanya ce kawai, ba su san an yi ta ne domin rana irin wannan ba. Nuna wa direba hakan yakan sauƙaƙa magana, tunda ya ga ba daga aljihunsa komai zai fito ba.

Matsalar ita ce jabun takardu. Ana tantancewa da lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora, NIID, ta intanet ko ta danna *565*11# a waya. In ta gaske ce, mai motar ya sanar da kamfaninsa nan da nan, kai ma ka rubuta musu wasiƙa da kwafin rahoton 'yan sanda, na likita, hotuna da rasit. Ka riƙe na asali, ka sa su buga hatimin karɓa a kwafinka. In suka yi ta ja maka rai, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi. In jabu ce ko ta ƙare, hakkinka yana nan a kan direba da mai mota, sai dai karɓarsa ta fi wuya. In kuma direban ya gudu ba a gane shi ba, doka ta tanadi asusu a ƙarƙashin NAICOM domin irin waɗannan. A nema, amma kada a jingina maganin mara lafiya da shi.

Ma'aikacin da aka buge a hanyarsa ta zuwa aiki ko komawa gida yana da wata ƙofar. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki, ta hannun NSITF, hukumar da ke biyan diyyar ma'aikata. A sanar da wurin aiki cikin kwana 14, a shigar da nema cikin shekara guda.

Lissafin abin da za a nema

Kotu ta kasa diyya gida biyu. Kashi na farko asarar da ake iya ƙirgawa: asibiti, magani, kuɗin mota zuwa asibiti, keke, kayan da suka lalace, da kuɗin shigar da aka rasa. Wannan sai an jera shi ɗaya bayan ɗaya an kawo hujjar kowanne. Alƙali ba ya ƙiyasta maka shi. Kashi na biyu shi ne raɗaɗi, wahala, nakasa da tawayar rayuwa, wanda alƙali ke yankewa bisa rahoton likita da abin da ya gani.

A ɗauka mai kai biredi shaguna ne, yana samun naira 4,000 a rana, kwana shida a mako. Karayar ƙafa ta zaunar da shi mako goma. Kwana 60 ke nan, naira 240,000, tun ba a taɓo kuɗin aiki da magani da keke ba. A kwatanta da dubu biyar ɗin da ake miƙawa a bakin titi. Masu sana'ar hannu ba su da takardar albashi, don haka hujjarsu ita ce littafin gidan biredin, shigar kuɗi a asusun banki ko na waya, littafin adashi, da shaidar wanda suke yi wa aiki. Daga ranar haɗari a sayi ɗan littafi ana rubuta kowace kashewa da kwanan wata.

Laifinka kuma ana duba shi. Ba a neman lasin tuƙi ko inshora daga mai keke, amma ƙa'idar hanya ta hau kansa: ya bi hannun dama, ya sami birki mai ci da ƙararrawa, fitila a gaba da jan abu mai ƙyalli a baya in dare ya yi, ya miƙa hannu kafin ya karya kwana, kada ya kama jikin mota tana tafiya. Wanda ya bi wan-we ko ya fito da daddare ba fitila bai rasa hakkinsa duka ba. Kotu tana raba laifi ne. In ta ce kashi 30 cikin ɗari naka ne, diyyar miliyan ɗaya ta koma 700,000. Ka gaya wa lauyanka gaskiya tun farko, kada ya fara jin ta a bakin abokin shari'a.

Sulhu

Yawancin irin wannan magana da sulhu take ƙarewa, a caji ofis, a gaban mai unguwa, a ofishin Hisba, ko a cibiyar sulhu ta Babbar Kotun Kano. Sulhu ya fi sauri, ya fi araha, kuma ba abin kunya ba ne. Lokacinsa ne ake kuskurewa.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya ce ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, domin sai a lokacin ake sanin abin da ya bari. Malamai sun ƙayyade: hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ko ido ɗaya rabin diyyar rai, yatsa kashi ɗaya cikin goma, haƙori kashi ɗaya cikin ashirin, kuma kuskure ba ya kayar da ita. Wanda ya nemi hakkin gaɓarsa bai yi rashin tawakkali ba.

Don haka a raba sulhun biyu. Takardar farko ta ce mai mota zai ɗauki nauyin magani, kuma abin da ya bayar somin-taɓi ne, za a zauna bayan likita ya sallami mara lafiya. Ta biyu, bayan rahoton ƙarshe, ita ce za ta rufe magana. Kowacce ta ƙunshi cikakkun sunaye, lambar mota, adadin kuɗi, ranakun biya in kashi-kashi ne, mai tsaya wa direba, da shaidu biyu. A biya ta banki don a sami alama. Kada a rubuta takardar janye ƙorafi, kada kuma a ce a saki mota bisa alkawarin baki, domin da motar ta fita daga caji ofis waya takan daina shiga. Takardar sallama da kamfanin inshora ke bayarwa ita ma rufe magana take yi har abada. A karanta adadin da kyau, kuma tayin farko ba dole ne a karɓe shi ba.

In sai an je kotu

Akwai wa'adi, kuma in ya wuce, ƙara ta mutu komai gaskiyarta. Ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Legas shekara uku ne ga rauni. Mafi haɗari shi ne motar gwamnati: dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal, wasu hukumomin kuma sai an ba su sanarwar wata guda kafin a kai su ƙara. Wanda motar ma'aikata ta buge ya ga lauya a makon farko, ko yana kan gadon asibiti. Jami'i ya ce "za mu duba" ba ya tsayar da ƙirgen kwanaki.

Babbar diyya Babbar Kotun Jiha ake kai ta, kotun majistare tana da iyakar adadin da za ta iya yankewa. Galibi direba da mai mota ake ƙara, kamfanin inshora ya biya abin da aka yanke, da sharaɗin an sanar da shi batun ƙarar a kan lokaci. Hotunan waya suna shiga shaida ta sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011, wanda ke bukatar bayanin na'urar da ta ɗauka, don haka kada a sayar da wayar, kada a goge na asali.

Rashin kuɗin lauya ba ya rufe ƙofa. Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa tana da ofis a jihohi, dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar haɗari ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun 2024. Wasu lauyoyin kuma suna yarda a biya su da kaso daga abin da aka samu. A rubuta kason, a kuma rubuta wa zai ɗauki kuɗin shigar da ƙara.

Yaro ba ya ƙara da kansa, mahaifi ko waliyyi ne ke tsaya masa. In kuwa rai ya salwanta, gaggawar jana'iza kada ta hana a karɓi takardar likita mai nuna sanadin rasuwa, a kuma tabbata 'yan sanda sun rubuta. Mata, 'ya'ya da iyayen da mamacin ke ciyarwa suna da hakkin nema a kotu. A Musulunci diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci. Baligi na iya yafe rabonsa in ya so. Rabon marayu kuwa, baffa ko yayan mamaci ba shi da ikon ya tashi a zaman makoki ya ce an yafe shi. A ƙirga shi, a karɓa, a ajiye musu da shaidu.